Yadda Ake Jinyar Ƙaramin Rauni da Furen Kalandula

Idan kaka ta yi, aka shiga yankan shinkafa a fadamar Argungu, da wuya a wuni ba a ga wanda lauje ya shafta ba. Masunta kuma nasu daban ne, ko ƙugiya ta kama yatsa ko ƙayar kurungu ta soki tafin hannu. A cikin gida wuƙar yankan kuɓewa na nan tana jiran uwargida, yara kuma kullum gwiwa a goge. Yawancin waɗannan raunuka ƙanana ne. Abin da ke mai da su manya shi ne abin da muke zuba musu a minti biyar na farko.

Bara lauje ya yanki ƙanena a bayan hannu. Kafin in iso wani abokin aikinsa ya damƙi ƙasa ya toshe wurin. Da na yi faɗa sai ƙanen nawa ya ce, "Haba Yaya, ai jinin ya tsaya." Jini kam ya tsaya. Ranar ta uku hannun ya zama kamar dambu, kaluluwa ta fito masa a hammata, yana ta rawar ɗari. Inna ta dubi hannun sau ɗaya ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin gida, ku tashi." Sai da aka tsaga aka matse mugunya, aka yi masa allurai, ya yi sati biyu bai riƙe lauje ba, ga shinkafa tana zuba a gona. Yana cikin jinyar ne wani maƙwabcinmu ya kawo 'yar kwalba mai fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero, an rubuta Calendula 30C a jikinta, ya ce maganin rauni ne daga Indiya. Wannan kwalba ce ta sa na bi diddigin furen, har na kai ga shuka shi a lambu. Abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan, mataki bayan mataki.

Da farko ka san furen da kake nema

Sunan marigol, wanda ake kiran kalandula da shi a Turance, ya haɗa furanni biyu da ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda ake maganin rauni da shi sunansa na kimiyya Calendula officinalis, asalinsa kudancin Turai ne da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Ganyensa dogo ne, bai rarrabu ba, yana da ɗan gashi-gashi. Furen ruwan lemo ne ko ruwan ɗorawa, a buɗe kamar faifai, yana tsukewa da dare ya buɗe da hantsi. Idan ka kama gindin furen za ka ji danƙo ya manne maka a yatsa. Irinsa kuwa a lanƙwashe yake kamar busasshiyar tsutsa.

Ɗayan shi ne Tagetes, wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshi, kuma shi masu sayar da furanni a bakin titi suka fi riƙewa. Asalinsa Meziko ne. Ganyensa a tsattsage yake, warinsa mai hawa kai, furen a dunƙule kamar ƙwallo, irin kuma siriri baƙi kamar tsinke mai farin baki. Ruwan wannan yana iya sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje. Kada ka kai shi kusa da rauni. Idan mai sayarwa ya ce maka duk ɗaya ne, ka ce ya nuna maka irin, a nan gardama za ta ƙare.

Sannan ka san abin da ke cikin kwalbar

Ana sayar da abubuwa iri uku da sunan kalandula. Akwai busasshen fure da man shafawa da aka yi da shi. Akwai ruwan da aka jiƙa furen a cikin sifirit, wanda masu homiyofati ke kira uwar magani, sau da yawa za ka ga harafin Q a jikin kwalbar. Waɗannan biyun akwai furen a cikinsu da gaske. Na uku su ne ƙwayoyin nan na homiyofati masu lamba, 6C, 30C, 200C.

Homiyofati tsari ne da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da shi a 1796. Aƙidarsa ita ce ana ƙara sirka magani da ruwa ana girgizawa, ƙarfinsa na ƙaruwa. Harafin C na nufin a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99. Daga wannan haɗin a sake ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin wani 99, wannan shi ne 2C. Kwalbar maƙwabcinmu an yi mata haka sau 30. A lissafi, kashi ɗaya ke nan cikin lambar da ke da sifili 60 a bayanta. Masana sinadarai sun nuna cewa da an wuce 12C, da wuya ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin maganin ta rage. Abin da ya saura sukari ne da aka ɗiga wa ruwan. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara binciken da aka yi a kan homiyofati, ta ce ba ta sami wata cuta ko ɗaya da ke da ingantacciyar hujjar cewa yana warkar da ita ba. Ina faɗin wannan ba don in ci fuskar kowa ba, maƙwabcinmu da zuciya ɗaya ya kawo kwalbarsa. Amma wanda ya tsotsi ƙwayar sukari ya zauna yana jiran rauni mai ruɓa ya warke, hannunsa yake caca da shi. Ni ban ba ƙanena ba, kuma ba zan ce wani ya saya ba.

Furen kansa labarinsa ya bambanta. Yana ɗauke da sinadaran da ke kwantar da kumburi, mafi shahara a cikinsu ana kiransa faradiyol. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na ƙananan raunuka da ɗan kumburin fata, bisa daɗewar da aka yi ana amfani da shi. A 2004 an wallafa wani gwaji daga birnin Liyon na Faransa a kan mata 254 da ake gasa wa sankarar mama. Cikin waɗanda suka shafa man kalandula, kashi 41 cikin ɗari ne fatarsu ta yi mummunar ƙuna, cikin waɗanda suka shafa wani man dabam kuwa kashi 63. Daga baya wani gwaji a Suwidin bai ga bambanci tsakaninsa da man shafawa na yau da kullum ba. To ka ga matsayinsa ke nan: mataimaki ne mai ɗan amfani a kan rauni ƙarami mai tsabta. Iyakarsa ke nan, kuma a kan wannan iyaka za mu yi aiki da shi.

Shuka da tsinka

Kalandula ba ta son zafi. A Kebbi lokacinta shi ne sanyin hunturu, tare da latas da kabeji da karas. Ka shuka a farkon Nuwamba, a kwamin da aka sa wa ruɓaɓɓen taki, wurin da ruwa ba ya kwanciya. Zurfin rami kamar rabin gaɓar yatsa ya isa, tazara kuma kamar taki ɗaya na hannu zuwa biyu. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ta tsiro, wajen wata biyu ta fara fure. Da zafin Maris ya kunno kai za ka ga tana sunkuyawa, don haka wanda ya makara har Janairu wahala kawai zai sha. Kada ka yi mata feshin maganin ƙwari, kuma ka nisanta ta daga kwamin tumatir ko barkono da ake yi wa feshi, tunda a kan rauni za ta ƙare.

Ana tsinka da hantsi, bayan raɓa ta bushe furen ya buɗe sosai. Ka tsinke kan gaba ɗaya har da koren gindinsa. Duk kwana biyu ko uku ka koma, ana tsinka tana ƙara hudowa. Ka baza a kan faifai ko tsabtataccen buhu a inuwa inda iska ke ratsawa, ka rufa da siririn mayafi saboda ƙurar hunturu. Rana kai tsaye tana kashe launin. Gindin ne ke jinkirin bushewa, don haka kada kunnuwan furen su ruɗe ka. Ka murza gindin, idan ya yi ƙaras ya farfashe to ya yi. Sai a zuba a kwalba mai murfi a ajiye a wuri mai duhu. Bayan shekara guda a zubar a sake sabo.

Yanzu ga rauni a gabanka

A nan nake son a tsaya a natsu, domin kashi mafi girma na aikin a nan yake, kuma furen bai ma shigo ba tukuna.

Wanke hannunka da sabulu kafin ka taɓa wurin. Sami tsumma mai tsabta ko bandeji ka danne raunin da ƙarfi, ka ɗaga hannun ko ƙafar sama da ƙirji. Minti goma cur, ka duba agogon waya. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, duk leƙe ɗaya yana warware daskarewar da jinin ya fara. Idan tsumman ya jiƙe ka ɗora wani a kai, kada ka cire na farkon.

Da jini ya tsaya sai wanki. Ruwa mai yawa ake so, mai gudu, wanda zai kore datti. A gona dabara mafi sauƙi ita ce ledar ruwan sha: ka wanke bayanta, ka huda kusurwa da ɗan ƙaramin rami, ka matsa ruwan ya riƙa tsartuwa cikin raunin. Leda biyu, uku, har huɗu, kada ka yi rowa. Ruwan fadama da na gulbi ba su shiga wannan lissafi ba. A gida kuma ka tafasa lita ɗaya na ruwa da gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, ka bar shi ya huce. Sabulu a gefen raunin za a sa, a wanke fatar da ke kewaye. Ka duba da kyau a cikin haske, ko da tocilan ɗin waya, ko akwai yashi, ƙaiƙayin shinkafa ko guntun ƙaya. Wanda ke sama a ɗauke shi da hantsaki da aka tafasa. Wanda ya nutse a bar wa ma'aikacin lafiya.

Abubuwan da na sha gani ana zubawa kuwa, ƙasa, toka, kashin shanu, baƙin mai, man birki, garin kafso da aka ɓare, duk a bar su. Ƙasa da kashin dabbobi su ne ainihin mazaunin ƙwayar tatanus, ciwon nan da ke kulle muƙamuƙi ya sandarar da jiki. Yana iya ɓoyewa daga kwana 3 har 21 kafin ya bayyana, lokacin raunin ma wataƙila ya rufe an manta da shi. Babu furen da ke maganinsa, allurar rigakafi ce kaɗai. Duk wanda rauninsa ya haɗu da ƙasa ko tsatsa, kuma ya fi shekara biyar rabonsa da allurar, ko bai san ma ko an taɓa yi masa ba, ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar. Manomi da masunci da mahauci, ku riƙe wannan fiye da duk abin da zan faɗa a kan fure.

Kafin ka ɗauko kalandula ka tambayi kanka ko wannan raunin na gida ne. Idan ya buɗe baki har kana ganin kitse ko farar jijiya, ɗinki yake so, kuma cikin sa'o'in farko ake son a yi shi. Idan jini ya ƙi tsayawa bayan dannawa, ko yana tsartuwa, ko yatsa ya mutu ba ya motsi, asibiti. Sukar ƙusa da ta ƙayar kifi bakinsu ƙarami ne amma cikinsu da zurfi, man shafawa rufe bakin kawai zai yi ya bar ɓarna a ciki. Cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce neman allurar haukan kare. Saran maciji ba a tsayawa komai. Mai ciwon suga da ya ji rauni a ƙafa, da mai sikila da gyambo ya fito wa a idon sawu, su ma ba da su ake wannan magana ba, komai ƙanƙantar ciwon. Abin da ya rage mana shi ne gogewa, ƙaramin yanka marar zurfi, ƙujewa, da faso.

Haɗa ruwan furen

Ka ɗebi busasshen fure giram 1 zuwa 2, wato kamar cokalin cin abinci ɗaya ba a danna ba, ka zuba a kofi mai tsabta. Zuba tafasasshen ruwa mililita 150, kimanin kofin shayi guda. Rufe, ka ba shi minti goma. Tace da tsumman da aka tafasa ko sabon bandeji, domin ko ɗan gashin fure bai kamata ya faɗa raunin ba. Idan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi sai ka tsoma bandeji ka ɗora a wurin na kamar minti goma zuwa sha biyar. Sau biyu ko uku a rana ya wadatar. Ruwan da aka haɗa da safe kada ya kwana, a zafinmu nan da nan yake lalacewa.

Idan ruwan kwalba mai harafin Q ka samu, ka tuna sifirit ne a ciki, zuba shi tsagwaronsa zai yi raɗaɗi ya kuma ƙona sabon naman da ke tofowa. A sirka kashi ɗaya da aƙalla kashi uku na ruwan da aka tafasa ya huce. Duk abin da za ka saya a kemis, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Bayan an ɗauke bandejin a bar gefen ya sha iska kaɗan, sannan a rufe da sabon bandeji ko filasta. Mutanenmu na son barin ciwo a buɗe wai ya bushe. Rauni ya fi saurin haɗewa idan yana rufe da 'yar laima, ga kuma ƙuda da ƙura da aka tsare. A canja kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe. Idan ya manne kada a fizga, a jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki da kansa. Mai alwala ya nemi bayanin shafa a kan bandeji wurin malaminsa, addini ya yi sauƙi a nan, ba sai an riƙa kwancewa sau biyar a rana ba.

Wanda bai taɓa amfani da furen ba ya fara gwadawa a cikin damtsensa, ya jira kwana ɗaya. Wasu jikinsu ba ya shiri da dangin wannan fure, wurin zai yi ja ya yi ƙaiƙayi. Hukumar Turai da na ambata ba ta ba da shawarar sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ba, su ruwa da sabulu da bandeji sun ishe su. Mai juna biyu kada ta sha shi.

Man shafawa

Wannan shi na fi jin daɗin haɗawa. Ka sami kwalba busasshiya ƙayau, ka cika rabinta da busasshen fure, ka zuba man zaitun ko man riɗi har ya shanye kan furen da kamar yatsa biyu. Rufe ka ajiye wuri mai ɗumi, kana girgizawa duk bayan kwana biyu, har sati huɗu zuwa shida. Man zai koma launin zinariya. Mai gaggawa ya sa furen da man a ƙaramar tukunya, ya ɗora ta cikin babbar tukunya mai ruwan zafi a kan wuta kaɗan-kaɗan, awa biyu zuwa uku. Kada man ya yi zafin suya, idan ka ji ƙauri ka ɓata.

Karon farko da na haɗa, na yi gajen haƙuri na zuba furen da gindinsa bai gama bushewa ba. Bayan kwana goma na buɗe na tarar da farar hunhuna a sama, ƙasan kwalbar kuma ruwa ya kwanta. Duka na zubar, har man zaitun ɗin da na saya da tsada. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya lalata kwalba guda, shi ya sa nake nanata maganar bushewa.

Bayan an tace, a narkar da kakin zuma kashi ɗaya cikin man kashi huɗu, a kan ruwan zafi kamar dai ɗazu. Wanda ke da man kaɗe mai kyau ya ƙara cokali ɗaya ko biyu, yana sa shi laushi. Don ka gane ko kaurin ya yi, ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ka jira ya daskare. Idan ya yi ruwa ƙara kaki, musamman in zai kai bazara, domin zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana narkar da man da ya yi daidai a Disamba. A juye a ƙananan gwangwanaye masu murfi, a rubuta watan da aka haɗa. Da warinsa ya sauya a zubar.

Man gida ba a kashe masa ƙwayoyin cuta kamar na kamfani ba, saboda haka ba na sa shi a raunin da ke buɗe yana ruwa. Wurinsa shi ne bayan ciwo ya kame ya fara ɓawo, lokacin da fata ke ɗaurewa tana ƙaiƙayi, da kuma kaushi da fason hunturu. Inna takan jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi bayan isha'i, ta goge da dutsen kaushi, ta shafa man ta sa safa. A ɗebo da tsinken auduga ko cokali, kada kowa ya riƙa tsoma yatsa. Ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara mata har minti 20 kafin komai, ba mai, ba ƙwai, ba man goge baki. Ƙunar da ta yi bororo mai faɗi, ko ta fuska, ko ta jikin yaro, ta asibiti ce.

Kwanakin da ke biye

Duk lokacin canja bandeji ka dubi wurin da idon basira. Ɗan ja a gefe da ɗan ruwa garai-garai a kwana biyun farko ba abin tsoro ba ne. Wata dabara da wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini lokacin ciwon ƙanena: ka zagaye iyakar jan da biro. Gobe idan ja ya tsallake layin, ciwon gaba yake yi. Haka idan zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, wurin na bugawa kamar zuciya, mugunya ta fito ko wari, jan layi ya miƙe sama a hannu, kaluluwa ta taso, ko zazzaɓi ya shigo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, a ajiye fure a kama hanya, ko da dare ne. Raunin da ya cika mako bai nuna alamar haɗewa ba, shi ma a kai a duba.

Wajen ƙarshen Fabrairu ka daina tsinkar wasu kawuna masu kyau, ka bar su a jikin shukar har su bushe su yi ruwan ƙasa. Ka murje su a faifai, lanƙwasassun irin za su zubo. A ƙara shanya su kwana uku a inuwa, a ƙulle a takarda, a sa cikin gwangwani nesa da laimar damina har Nuwamba ta zagayo.